Komar Jan Ƙarfe

Kafin kwalin Baba Benjamin ya zo makarantarsu, duk abin da Khaulat ta sani game da lantarki a kan allo yake. Malam Gidaɗo, mai koyar da 'yan aji biyu fasaha, yakan zana batir da alli, ya ja layi daga nan zuwa wata 'yar da'ira, ya ce, "Wannan ƙwan fitila ne, yanzu ya kama." Su kuwa su sunkuya su kwafa. Ba wadda ta taɓa ganin ya kama.

Wata rana Mariyamu, ƙawar Khaulat da suke zama benci ɗaya, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ko an ɗauke wuta ne a allon naka?"

Aji ya kwashe da dariya. Malam bai yi fushi ba, ya dai tsaya yana kallon zanensa. Bayan wannan ne ya shiga zarya gidan Baba Benjamin.

Baba Benjamin tsoho ne, mutumin wajen Wara, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kaduna yana aiki a wani ɗaki da kwamfuta ɗaya tak ta cika shi. Da aka daina amfani da irin waɗannan injuna, ya tsinci 'yan gutattsarinsu ya adana, ya dawo da su Yelwa lokacin da ya ajiye aiki. Malam Gidaɗo ya sha roƙonsa kafin ya yarda ya ba da aro. Ranar da ya kawo kayan, a kan kabu-kabu ya zo, kwalin a cinyarsa, bai yarda an ɗaure shi a baya ba. Ya tsaya gaban aji, ya bi su da kallo ta saman tabarau.

"Aro na ba ku," in ji shi. "Ranar da na ga an ɓata mini ko da waya ɗaya, zan ɗauki kwalina in tafi, ku koma zanen alli. Kun ji ko?"

"Mun ji, Baba!"

Tun daga ranar darasin fasaha ya zama wani abu daban. A cikin kwalin akwai katuna masu huji-huji waɗanda da su ake yi wa tsohuwar kwamfutar magana, akwai wasu ƙwayayen gilashi masu ƙafafun ƙarfe, da maɓallai, da naɗaɗɗun wayoyi na jan ƙarfe. Malam ya ciro wani tsohon maɓalli, ya haɗa shi da batir da ɗan ƙwan tocila, ya ce wa Mariyamu ta danna. Ƙwan ya kama. Ihun da suka yi sai da malamar ajin kusa ta leƙo tana tambaya ko maciji ne.

Khaulat ba ta yi ihu ba, don ita ba mai yawan magana ba ce, ko amsar da ta sani sai ta yi ta juya ta a baki har wata ta riga ta faɗa. Amma ta ji wani abu ya buɗe a ƙirjinta. Ta fara ƙirga ranakun mako da darasin fasaha: jiya an yi, jibi za a sake. Malam ya lura ba ta da gaggawa a hannu, sai ya ba ta aikin goge kayan da mayar da su kwali duk bayan darasi.

A cikin kayan akwai wanda ya fi tsaya mata a rai. Wani ɗan allo ne mai kusurwa huɗu, bai wuce tafin hannun babba ba. An ja siraran wayoyi a jikinsa, wasu a tsaye wasu a kwance, kuma duk inda biyu suka gitta akwai wani mitsitsin zobe baƙi kamar ƙwayar gero. Malam ya ce a nan tsohuwar kwamfutar take ajiye abin da ta tuna. Kowane zobe ɗan mayen ƙarfe ne, in wuta ta bi ta cikinsa sai ya juya nan ko can, wato i ko a'a. Ya ce da hannu aka saƙa shi, zobe bayan zobe.

Sauran yara sun ga abin mamaki. Khaulat kuwa koma ta gani. Gidansu na masunta ne a bakin ruwa, kuma tun tana ƙarama take zama kusa da kakanta a gindin bishiya tana taya shi gyaran komar kamun kifi. Kaka ya koya mata cewa ba a yarda da koma da ido. Zare yana iya yin kyau a gani alhali ruwa ya cinye shi, don haka sai ka sa yatsa a idon saƙar ɗaya ka ɗan ja, ka ji ƙwarinsa. Ta yi haka sau da yawa har hannunta ya daina neman izininta.

Ranar nan an tashi tara, kowa ya fita, ita kaɗai a aji tana goge ɗan allon da tsumma. Tana kallon saƙar, tana mamakin wadda ta yi ta. Ba ta san lokacin da farcenta ya shiga ƙarƙashin wayar da ke can gefe ba. Ta ɗan ja, kaɗan, yadda ake yi wa sabuwar koma.

Wayar ta tsinke, kusa da bakin allon. Ko ƙara ba ta yi ba. Bakunan biyu suka lanƙwashe, suka bar ɗan fili a tsakani.

Khaulat ta janye hannunta da sauri. Ta duba ƙofa, ba kowa. Ta yi ƙoƙarin haɗa bakunan da yatsa, suka ƙi kaiwa ga juna. Maganar Baba Benjamin ta dawo mata tiryan-tiryan. Ta naɗe allon cikin tsummansa, ta sa shi can ƙasan kwali, ta rufe.

Da la'asar ta sami Kaka a inda ya saba, koma a shimfiɗe kan gwiwarsa, hayaƙin bandar kifin Inna yana tasowa daga bayan danga.

"A'a, amaryata," in ji shi, "yau wa ya taɓa min ke? Hala kin ga wani saurayi ne a makaranta, kina tunanin yadda za ki sallame ni?"

"Kai Kaka, wa zai auri mai warin kifi irinka."

"Warin kifin nan shi ya biya miki littafi. Zauna. Mi ya faru?"

Ta zauna tana wasa da bakin komar. "Kaka, in zare ya tsinke a wuri matsattse, inda allurar koma ba ta shiga, yaya ake yi?"

"Sai ki nemo allurar ɗinkin Innarki. Ki ɗauko ɗan guntun zare, ƙulli ɗaya nan, ƙulli ɗaya can, ki datse saura. In kinka ja ya riƙe, ya gyaru ke nan. Komar wa kinka yaga?"

"Ba ta kowa ba ce. Tambaya dai na yi."

Kaka ya dube ta, ya yi murmushi, bai ƙara tambaya ba. Ta tsinko zare mafi siranta daga wata tsohuwar koma da ruwan tafki ya rina ta koma ja-ja, kusan kalar wayar.

Washegari da aka fita tara, ta ce wa Mariyamu cikinta na ciwo, ta zauna a aji. Ta kai allon bakin taga inda haske yake. Aikin ya ba ta wuya ƙwarai, wayar tana zillewa, gumi yana shiga mata ido. Amma ta ƙulla nan, ta ƙulla can, ta datse saura da reza. Sannan ta sa farce ta ɗan ja, a hankali wannan karon. Ya riƙe. Ta miƙa hannu nesa ta duba, ita kanta da kyar ta gane wurin. Ta ce alhamdu lillahi a zuciyarta, ta fita ta sayi ƙosai a bakin ƙofar makaranta. Har ga Allah ta ɗauka magana ta ƙare, domin abin da ya tsinke ya haɗu, kuma ta gwada shi yadda ake gwadawa.

A mako na gaba Baba Benjamin ya zo ganin abin da ake yi da kayansa. Aka ba shi kujerar Malam, ya zauna ya ɗora hannuwa kan sandarsa. Malam Gidaɗo, da fara'arsa, ya ce yau za su nuna wa Baba cewa wayoyin nan da suka girmi iyayensu har yanzu suna ɗaukar wuta. Ya ajiye ɗan allon a tebur, ya haɗa batir da ƙwan tocila, ya bar bakunan waya biyu. Kowace yarinya za ta zo ta taɓa farkon layi ɗaya da ƙarshensa. In layin lafiya yake, ƙwai zai kama.

Suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙwai yana kamawa, ana tafi. Baba Benjamin yana gyaɗa kai kaɗan-kaɗan. Khaulat ta yi nata a wani layi na tsakiya, ya kama. Ko da ta ga an doshi gefe gabanta bai faɗi sosai ba.

Layin gefen ya faɗo kan Mariyamu. Ta taɓa nan, ta taɓa can. Ƙwai bai kama ba.

"Riƙe da kyau mana," in ji Malam.

"Malam, wallahi na riƙe shi kamar kunnen ƙanena."

"To batir ne ya yi sanyi." Ya taɓa layin kusa, ƙwai ya kama tar. Ya dawo na gefe da hannunsa. Babu komai. Fara'arsa ta ragu.

Baba Benjamin ya miƙe, ya ciro wani gilashin ƙara girma daga aljihu, ya sunkuya kan allon. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, muryarsa ba ta da ƙarfi, amma har na bencin baya sun ji.

"Wannan ba waya ba ce. Zaren kamun kifi ne."

Wata ta fashe da dariya, ta yi sauri ta toshe baki. Baba Benjamin ya jawo kwalin gabansa, ya fara mayar da katunan ciki ɗaya-ɗaya.

"Baba, don Allah a yi haƙuri," in ji Malam. "Ni ke da laifi, ban lura ba."

"Malam, na faɗa tun ranar farko. Ban zo yin faɗa da kowa ba."

Idanun aji suka koma kan Mariyamu, don ita ce a tsaye kusa da tebur, kuma ita aka sani da ƙiriniya. "Ku daina kallona!" in ji ta. "Mu gidanmu shanu muke kiwo, ina na ga zaren koma?"

Khaulat ta miƙe. Ba ta san yadda aka yi ƙafafunta suka ɗauke ta ba.

"Ni ce, Baba."

Ya juyo. "Ke ce kika tsinka, ko ke ce kika ɗaure?"

"Duka."

"Me ya kai hannunki?"

"Na ja ta ne in ji ko tana da ƙwari." Ta sunkuyar da kai. "Haka muke yi wa koma."

"Koma," ya maimaita. "Da kika ɗaure kuma, kin ɗauka ta gyaru?"

"Na ja, ta riƙe, Baba."

"Ta riƙe, ai na gani. In da kifi ke bi ta ciki da bai tsere ba."

Ya ci gaba da haɗa kayansa. Hawaye suka zubo wa Khaulat, ba don an yi mata dariya ba, sai don ganin maɓallin nan da ƙwai ya fara kamawa da shi yana shiga kwali.

Malam Gidaɗo ya dubi agogo, ya dubi yaransa. "Baba, ba a kaɗa ƙararrawa ba tukuna. In yau ce ranar ƙarshe, a bar ni in ƙarasa darasina da batir da ƙwan nan." Bai jira amsa ba ya juya ga aji. "Khaulat ta haɗa abin da ya tsinke, kuma ya haɗu. To don me ƙwai bai kama ba? Khaulat, akwai sauran zaren?"

Ta ciro guntun daga cikin jakarta. Malam ya sa shi tsakanin bakunan waya, ƙwai bai kama ba. Ya karɓi allurar da wata ta maƙale ɗankwali da ita, ya kama. Aka kawo cokali, ya kama. Aka kawo tsinken tsintsiya, bai kama ba. Yara suka manta da tashin hankali, kowa na laluben abin da za ta kawo. Mariyamu ta cire ɗan kunnenta, wanda ta daɗe tana cewa na zinariya ne daga Makka, aka gwada, ƙwai ya ƙi kamawa.

"Roba ce!" aka yi ihu daga baya. "Zinariyar Makka roba ce!"

"Batirin Malam ne ba ya son mutane," in ji Mariyamu tana mayar da shi kunne.

"To kun gani," in ji Malam, "ƙarfe ne kawai ke ɗaukar wuta."

"Ba ƙarfe kawai ba."

Baba Benjamin ne. Hannunsa ɗaya yana kan murfin kwali. Kamar maganar ce ta kuɓuce masa. Ya yi tsaki, ya ce a ba shi fensir, ya fere shi ta baki biyu, ya taɓa wayoyin a baƙin cikinsa. Ƙwai ya kawo ɗan haske ja.

"Kada ku je ku faɗa wa mutane abin da ba daidai ba, a ce da kayana aka koya muku," in ji shi. Malam ya ce ya gode, shi ma ya ƙaru.

Tsohon ya tsaya yana kallon Khaulat. Sai ya sa hannu cikin kwalin, ya ciro wata naɗaɗɗiyar waya ta jan ƙarfe, siririya kamar gashi, ya yanko guntu.

"Zo nan, mai koma. Kwance zarenki, ki sa wannan. Ni hannuna rawa yake yi yanzu, ba zan iya ba. Ba cewa na yi na fasa tafiya da kayana ba. Ba na son in kai shi gida da zaren kifi a jiki ne."

Ta share ido da bakin hijabi, ta karɓa. Dukan aji suka kewaye ta, abin da ta fi tsoro a duniya. Ta yanke tsohon ƙullin, ta murɗa sabuwar wayar a wannan baki, ta murɗa a wancan. Malam ya taɓa. Ƙwai bai kama ba.

Khaulat ta ji kamar ta nutse. Baba Benjamin kuwa dariya ya yi, ta farko tun zuwansa.

"Jan ƙarfe ne, amma riga gare shi. An shafe shi da wani siririn fenti don kada wayoyin su taɓa juna. In ba haka ba, yaya za su gitta a cikin zobe ɗaya kowace ta bi hanyarta? Kankare bakin da reza har ki ga yana ƙyalli. A hankali! Ba ɓawon kifi kike cirewa ba."

Ta kwance, ta kankare bakunan duka. Ya ce murɗawa kaɗai ba za ta daɗe ba, sai an like da dalma. Akwai ƙarfen narka dalma a kwalin, amma babu wuta a makarantar ranar. Aka aiki Mariyamu wurin mai ƙosai ta roƙo garwashi a murfin tukunya, ta dawo tana tafe tana hurawa tana cewa a ba ta hanya. Baba ya sa bakin ƙarfen a garwashi har ya yi zafi, ya nuna wa Khaulat yadda za ta riƙe, ya ce wayar za ta fara ɗumamawa, ba dalmar ba.

Ɗigon farko ya faɗi kan tebur. Na biyu ya taɓa mata yatsa, ta cije leɓe ba ta saki ba. Na uku ya zauna inda ake so, ƙato, mummuna, kamar kaska a kunnen akuya.

"Ban taɓa ganin liki mai muni irin wannan ba," in ji Baba Benjamin. "Yi ɗaya gefen."

Da ta gama, Malam ya miƙa mata bakunan wayar. Ta taɓa farkon layin, ta taɓa ƙarshensa. Ƙwai ya kama.

Wannan karon malamar ajin kusa ba ta ma leƙo ba, ta riga ta saba.

Ana cikin hayaniya aka kaɗa ƙararrawa. Baba Benjamin ya ɗauki ɗan allon, ya dube shi ta gilashinsa, ya naɗe shi a hankici, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Kowa na jiran ya ɗauki kwalin. Ya tura shi gefen Malam da bakin sandarsa.

"Wannan na aljihuna ba zai sake kwana a nan ba. Duk ranar da kuke da darasi ni zan kawo shi, ni zan mayar. Sauran kuma ku riƙe, amma zan riƙa zama a kujerar nan ina kallon hannun kowa."

"Ai kujerar taka ce, Baba," in ji Malam, yana ƙoƙarin ɓoye murnarsa.

Tsohon ya nufi ƙofa. Mai kabu-kabun da ya kawo shi ya riga ya iso, yana danna oda a waje. Khaulat tana tsaye tana hura yatsarta da ta ƙone. Akwai tambayar da take ta juyawa a bakinta tun ranar da ta fara ganin allon, ta ga in ya fita sai wani darasin.

"Baba," ta ce. "In an ɗauke wuta, zoben yana manta abin da ya riƙe?"

Ya tsaya, ya juyo. "Wa ya ce miki ki tambayi wannan?"

"Ba kowa."

Ya dubi waje, ya ɗaga wa mai babur hannu alamar ya jira. Ya dawo ya zauna a kujerar Malam, ya jingine sandarsa da tebur.

"Ba ya mantawa," in ji shi. "Ku samo mini ƙusa guda, da sauran wayar can, in nuna muku yadda wuta ke mayar da ita mayen ƙarfe, ta riƙe ko an cire batir. Wadda ke jin yunwa ta tafi."

Mariyamu ta dubi ƙofa, ta dubi Khaulat, ta yi ajiyar zuciya, ta tafi neman ƙusa a jikin karyayyen bencin baya.